Karta ta koma cikin waya: wa ke rabawa, wa ke ci?

A cikin kwana uku na watan Agustan 2025 ƙasar Indiya ta rushe wata kasuwa da ta yi shekaru tana haɓaka. Ranar 20 ga wata ƙaramar majalisar dokoki ta amince da ƙudirin, washegari babbar majalisa ta bi sahu, ranar 22 shugabar ƙasa Droupadi Murmu ta sa hannu. Dokar ta haramta duk wani wasa na intanet da mutum ke zuba kuɗi a cikinsa da fatan ya ci kuɗi. Wanda ya gudanar da irin wannan wasa na iya shan ɗaurin shekara 3 da tarar rupi miliyan 10, wanda ya yi masa talla ɗaurin shekara 2, bankuna kuma an hana su wucewa da kuɗin. Ɗan wasan ne kaɗai aka bari ba hukunci, don gwamnati ta ɗauke shi a matsayin wanda aka cuta.

Cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai manhajojin karta, na rami da na poka, irin su RummyCircle da Junglee Rummy da PokerBaazi, waɗanda suka dakatar da wasan kuɗi cikin ƴan kwanaki. Kamfanin Dream11, wanda sunansa ke jikin rigar ƙungiyar kurket ta ƙasar, ya janye daga ɗaukar nauyinta. Ƙiyasin da gwamnatin Indiya ta bayar shi ne mutum miliyan 450 na asarar kimanin rupi biliyan 200 a kowace shekara a waɗannan wasanni.

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Da ruwansa. Hujjar da kamfanonin Indiya suka daɗe suna fakewa da ita, ita ce dai wadda ake ji a kowace fada idan dattijo ya tsaya ya yi faɗa: wannan ba caca ba ce, iyawa ce. Tun cikin shekarun 1960 kotun ƙolin Indiya ta yanke cewa rami wasa ne da ya fi dogara ga ƙwarewa fiye da sa'a, domin sai mutum ya riƙe abin da ya fita ya kuma san abin da zai yar. A kan wannan hukunci na zamanin kartar takarda aka gina kasuwar waya. Gwamnati ta fara gwada haraji, ta ɗora kashi 28 cikin ɗari a kan kuɗin da ake zubawa tun watan Oktoban 2023. Daga baya ta ce ta gaji da gardamar. Iyawa ce ko sa'a ce, in dai akwai kuɗi a ciki, an hana.

Abin da tabarma ke da shi

Kafin mu bi karta cikin waya, mu tsaya a inda muka saba ganinta. Tun cikin shekarun 1990 da fada ta bazu daga Damagaram zuwa sauran birane, butar shayi da karta suke tafiya tare. Belot ce sarauniya: mutum huɗu, biyu-biyu, karta 32, maki 162 a kowane rabo, ga gardamar atu da ba ta ƙarewa. A garuruwan bakin iyaka kuma Whot ta shigo daga Najeriya. Duka biyun baƙi ne da suka zama ƴan gida. Belot a Faransa ta yi suna wajen 1920, Whot kuwa wani Bature ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935. Ita kartar kanta ba ƴar asalin Turai ba ce, daga Masar ta zamanin Mamluk ta tsallaka can cikin shekarun 1370.

Kada mu wanke ta da sabulu. Ba a banza kalmar "ɗan karta" ta zama zagi ba. An yi ta cin kuɗin mutane a lungun tasha da bayan kasuwa, an sayar da akuyar uwa, an zare wuƙa a kan dala ashirin. Amma ko a mafi munin zamanta, kartar tabarma na da wasu birki da ba a lura da su sai da aka rasa su. A gabanka ake cakuɗa ta, na kusa da mai rabo ya yanka, ido takwas na kan hannunsa. Kuɗin da ka ajiye kana ganinsa, in ya ƙare ya ƙare, sai dai ka buɗe baki ka nemi rance a gaban mutane. Wanda ya ci ka maƙwabcinka ne, gobe za ka gan shi, wataƙila ma shi zai sayi sukarin shayi da kuɗin. Kiran salla na tashin wasa, dare na tashin wasa, yayan wani na iya zuwa ya ja kunnen ƙanensa. Kuma a yawancin fada ba a ma sa kuɗi. Wanda ya faɗi ya tashi ya ba wani wuri, a yi masa dariya, shi ke nan.

Waya ta ɗauke kusan dukkan waɗannan, ta kuma kawo wani abu mai kyau da bai kamata a musa ba. Matashin da ke aikin gini a Tamanrasset, ko gadi a Abidjan, ko karatu a Lyon, yana iya zama teburi ɗaya da abokan fadarsa na Yamai ba tare da ya motsa ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki shi kaɗai a ƙasar da ba ya jin yarenta ya san darajar wannan. Matsalar ita ce mai rabon ya canza. Yanzu kamfani ne ke cakuɗawa, shi ke rabawa, shi ke riƙe da asusu, kuma ba ya barci.

Ƙofofin da kuɗi ke shiga

Mafi sauƙin ganewa ita ce cacar kai tsaye. Manhajojin cacar ƙwallo, waɗanda sunan wasunsu ke kewaye da filin wasa a duk gasar cin kofin Afirka, ba ƙwallo kaɗai suke sayarwa ba. A gefe akwai sashen karta, poka da ashirin da ɗaya da ire-irensu. Wasan ƙwallo sai ka jira minti 90 kafin ka san matsayinka. Karta a wannan sashe daƙiƙoƙi ne, ka faɗi ka sake, ka faɗi ka sake. Wanda tikitinsa ya lalace da daddare, nan yake gangarawa neman mayar da abin da ya rasa. Wannan kowa ya san sunanta, malamai ma ba su da saɓani a kanta, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana.

Ta biyu ta fi wayo. Manhajar belot ko poka kyauta ce, ana ba ka jeton na wasa kowace rana. Ba za ka taɓa mayar da su kuɗi ba, don haka kamfani ke cewa ba caca yake yi ba. Sai dai in jeton ɗinka ya ƙare tsakar wasa, ko ka jira gobe ko ka saya. Kuɗi na shiga, ba ya fita. A Amurka an kai irin wannan gaban shari'a. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa jeton ɗin manhajar Big Fish Casino abu ne mai daraja a ƙarƙashin dokar jihar Washington, tun da sai da shi ake ci gaba da wasa, saboda haka caca ce. A 2020 masu manhajar suka amince su biya dalar Amurka miliyan 155 don a kashe maganar. In ka duba da kyau, wannan ta fi cacar tasha rashin imani, domin a tasha aƙalla wani na tashi da kuɗi a aljihu.

Ta uku ita ce wadda da yawa daga cikin masu karanta wannan sharhi ke yi ba tare da sun taɓa kiranta karta ba. A 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering. Sabon abin da ya kawo shi ne ba a sayar maka da kartar gaba ɗaya. Kana sayen ƙaramin ƙunshi a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Yawanci tarkace ne, jefi-jefi a samu mai tsada. Pokémon ta bi wannan hanya a Japan a 1996. Daga baya masu wasannin kwamfuta suka gane cewa rufaffen ƙunshi ya fi wasan kansa kawo kuɗi, kuma a cikin waya ba sai an buga takarda ko an yi dakon kaya ba.

Wanda ke buga eFootball ko FC Mobile a wayarsa, ko FC a ɗakin wasan unguwa, ya san abin da nake nufi. Ƴan wasan da yake tarawa katuna ne. Na musamman, masu ƙyalli, ana fito da su na ƴan kwanaki a ce wa'adi zai ƙare. Ana sayen tsabar cikin wasa, a juya, a jira haske ya gama walƙiya a ga wanda ya fito. Wannan jiran na daƙiƙa biyar shi ne hajar da ake sayarwa, kuma an ɗauki ƙwararru aiki don su ƙawata shi. Manhajar Pokémon TCG Pocket da ta fito ranar 30 ga Oktoban 2024 ta kai abin maƙura, har yage bakin ƙunshin da yatsa sai ka yi a kan gilashin waya. Tana ba da ƙunshi biyu kyauta a rana, ɗaya kowace awa 12, don hannu ya saba. Cikin wata huɗu an sauke ta sau miliyan 100.

Ga ɗan lissafi da ya kamata duk mai wannan wasa ya riƙe. Tun 2017 kamfanin Apple ya wajabta wa masu manhaja su bayyana yiwuwar fitowar kowane kati, Google ya bi baya a 2019, don haka alƙaluman na nan cikin wasan, a wani lungu da ƙananan haruffa. A ce an rubuta cewa katin da kake nema na fitowa sau ɗaya cikin 200. Mutum zai zaci in ya juya sau 200 dole ya samu. Ba haka ba ne. Kowane juyi sabo ne, bai san na baya ba. Bayan juyi 200, yiwuwar ka samu ko sau ɗaya kashi 63 ne cikin ɗari, wato cikin mutum uku da suka yi haka, ɗaya zai tashi hannu rabbana. In kowane juyi dala ɗari ne, an kashe jaka ɗari ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata.

Hukuma ta kama hoto ta bar jiki

Wani abu da ya faru a Turai ya nuna yadda hatta ƙwararru ke ruɗewa a wannan batu. A watan Fabrairun 2024 aka fitar da wani wasa mai suna Balatro, aikin mutum guda ɗan ƙasar Kanada. An gina shi a kan hannayen poka, amma kai kaɗai kake bugawa, sau ɗaya kake saye, babu jeton na sayarwa, babu rufaffen ƙunshi na kuɗi, babu abin ci. Ya samu karɓuwa har ya sayar da kwafi miliyan 5 cikin shekara guda. Hukumar PEGI, mai tantance shekarun da suka dace da kowane wasa a Turai, ta ɗaga shi daga na ɗan shekara 3 zuwa na ɗan shekara 18, har aka cire shi na ɗan lokaci daga wasu shagunan intanet. Dalili, yana kama da caca. A daidai wannan lokaci wasan ƙwallon EA Sports FC, mai sayar da rufaffen ƙunshi da kuɗi na gaske, tambarin ɗan shekara 3 ne a jikinsa. Mai Balatro ya fito ya nuna wannan tufka da warwara, aka ɗaukaka ƙara, a Fabrairun 2025 hukumar ta sauko da shi zuwa shekara 12.

Na tsaya a kan wannan labari ne don irinsa ke faruwa a gidajenmu kullum. Uba ya tarar da ɗansa a ƙofar gida da karta a hannu, ana bugawa a kan wanda zai wanke kofunan shayi, ya ƙwace ta ya jefa a wuta. Ɗan ya shiga ɗaki ya kwanta da waya, uban ya ji sanyi a ransa, yaro ya shiryu yana buga ƙwallo. Hoton sarki da sarauniya ne ke tayar mana da hankali. Inda kuɗin ke zurarewa kuwa babu hoton da muka saba tsoro.

Ƙasar Beljiyam ce ta fara duban jikin abin. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar ta binciki wasu manyan wasanni, ciki har da FIFA 18, ta ce akwai kuɗin da ake sawa, akwai sa'a, akwai ci da faɗuwa, don haka rufaffen ƙunshi caca ne ko da wane suna aka kira shi. Kamfanin EA ya ɗan yi taurin kai, amma a Janairun 2019 ya daina sayar da tsabar wasansa a ƙasar. Pokémon TCG Pocket ma ba a fitar da ita a can ba. Maƙwabciyarta Holan ta gwada bin wannan hanya, ta ci tarar EA yuro miliyan 10, sai babbar kotun ƙasar ta soke tarar a Maris ɗin 2022, ta ce ƙunshin ɓangare ne na wasan ƙwarewa. Gardamar iyawa da sa'a ta sake dawowa ke nan. Ostareliya kuma tun Satumban 2024 ta raba biyu, wasan da ke kwaikwayon caca na manya ne kaɗai, mai rufaffen ƙunshi kuma ba a ba da shawararsa ga ƙasa da shekara 15.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba. Kartar da ka saya a kanti taka ce har ta yage. Wadda ke cikin waya aro ce. Daren 18 ga Janairun 2025, lokacin da dokar Amurka ta rufe TikTok na ɗan lokaci, masu wasan karta na Marvel Snap a ƙasar suka wayi gari ba wasa, saboda kamfanin da ke rarraba shi mallakar ByteDance ne, uwar TikTok. Mutanen da suka kashe ɗaruruwan daloli suna tara katuna suka tarar da ƙofa a kulle kan wata rigima tsakanin Washington da Beijing da ba su da hannu a ciki. An buɗe bayan kamar kwana biyu, amma darasin ya fito. A wasan FC na kwamfuta ma ba sai an yi rigima ba, duk shekara sabon wasa ke fitowa, ƙungiyar da ka tara bara ba ta bin ka.

Kada kuma a ɗauka takarda ta tsira. A ƙasashe masu arziki katin Pokémon ya zama haja kamar zinariya. Kamfanin ya ce ya buga sama da kati biliyan 75 zuwa Maris ɗin 2025, duk da haka ana layi ana dambe a kansa. A 2021 shagunan Target na Amurka sun dakatar da sayar da shi bayan wani faɗa a wurin ajiye motoci, a shekarar ne kuma Logan Paul ya mallaki kati guda a kan dalar Amurka miliyan 5 da dubu 275. A Agustan 2025 gidan abincin McDonald's na Japan ya katse wata garaɓasa saboda masu sari na sayen abincin yara su cire katin su zubar da abincin. Duk inda aka rufe ƙunshi aka ce sai ka biya ka gani, halin ɗaya ne.

A gida da maƙwabta

A watan Oktoban 2024 hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kusan 30. Wata guda bayan haka kotun ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne, abin da ya ƙara wa jihohin da ke bin shari'a ƙarfin gwiwa. Rufe shago abu ne da ido ke gani, kuma yana rage wa yaran da ke wucewa sha'awa. Sai dai wanda aka kora daga shago da wayarsa ya fita.

Saudiyya ta bi wata hanya dabam, kuma ƴan uwanmu mazauna Jidda da Makka sun gani da idonsu. Can ana buga balot, ƴar uwar belot ɗinmu, an daɗe ana kallonta a matsayin abin ɓoyewa. A watan Afrilun 2018 hukumar wasanni ta shirya gasarta ta farko a Riyad, da kyauta mai tsoka daga masu shiryawa. Sheikh Adil al-Kalbani, wanda ya taɓa jan tarawihi a Masallacin Harami, ya halarta, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, abin da suka yi shi ne raba wasa da caca: a buga a fili, ƴan wasa ba sa zuba kuɗinsu don wani ya kwashe. Malamai sun daɗe da saɓani kan kartar da babu kuɗi a cikinta, wasu sun hana, wasu sun ce makaruhi ce, wasu sun sassauta muddin ba ta hana salla ko aiki ba. Wannan tattaunawa tana nan a wa'azozinmu. Wadda ba a cika ji ba ita ce ta rufaffen ƙunshi, alhali matasa da yawa da ba za su taɓa taka shagon caca ba suna saye da zuciya ɗaya.

A Nijar, cacar da hukuma ta sani tana da kamfaninta, LONANI, da rumfunanta na PMU inda ake cacar dawakin da ke tsere a Faransa. Tsari ne na zamanin tikiti da rumfa, ana ganin mai saye ana ganin mai sayarwa. Manhajar da ke zaune a wata ƙasa, ta shigo ta intanet, a biya ta da kuɗin waya, ba ta buƙatar rumfa. Kuma kusan rabin al'ummar ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Su ne za su gaji wayoyin da yayyensu ke sauyawa.

A ganina, abin koyi a dokar Indiya ba haramcin ba ne da kansa. Haramcin ya zo da tsadarsa, kamfanoni sun sallami ma'aikata da yawa, sun garzaya kotu, kuma masu sukar dokar na cewa ƴan wasa za su koma shafukan ƙetare da ba sa biyan haraji ba sa jin kiran kowa. Ƙasar da ke da ƙarfin Indiya ma za ta sha wuya wajen toshe su, balle mu. Sashen da ya fi cizo shi ne wanda ya hana bankuna wucewa da kuɗin. Shafi ana rufe shi yau ya buɗe gobe da sabon suna, amma kuɗi dole ya bi ta wata ƙofa, kuma a wurinmu ƙofofin ƴan kaɗan ne: kamfanonin waya masu asusun kuɗi, kamfanonin aika kuɗi, da bankuna, dukkansu a ƙarƙashin idon babban bankin BCEAO. In hukumomi na son sanin girman abin, a nan alƙaluman suke. In suna son sa iyaka ga abin da asusu ɗaya zai iya turawa shafin caca a rana, ko su hana asusun da aka buɗe da sunan yaro, a nan za a yi. Kama samari huɗu a kan tabarma ya fi sauƙi, shi ya sa aka fi yin sa.

Rufaffen ƙunshi ya fi wuyar kamawa ta wannan hanya, domin kuɗinsa ba shafin caca yake tafiya ba, shagon manhaja yake tafiya. Yawancin matasanmu ba su da katin banki, amma kasuwa ta samo mafita. Akwai dillalai da ke sayar da tsabar wasa ta WhatsApp, ka tura musu ta kuɗin waya su loda maka. Jaka ɗaya yau, jaka biyu jibi, ba rasit, ba wanda ya gani, mai yi ma kansa bai san jimilla ba. A gida kuwa ana ɗauka kuɗin mega ne.

A nan ne maganar ta shafi na ƙetare kai tsaye. Su ke aiko da wayoyin, su ke aiko da kuɗin. Sau da yawa wayar kan zo da asusun mai ita a buɗe, da katin bankinsa a maƙale, sai ƙarshen wata ya ga an cire yuro goma nan, ashirin can. Duk shagunan manhaja biyun, na Google da na Apple, suna da shafin da ke jera duk abin da aka saya da kwanan wata, suna kuma da wurin sa lambar sirri kafin kowane saye. Minti biyu ne aikin. Wanda bai taɓa buɗe wannan shafi a wayarsa ko ta ƙanensa ba, ya buɗe ya haɗa lissafin wata shida.

Ɗan Tawa da ke wankin kwanoni a Burusel, doka ta hana a sayar masa da rufaffen ƙunshi a wayarsa. Kuɗin da ya matse ya turo ranar biyar ga wata, ba abin da ya hana a sayar wa ƙanensa da su.